Ni da Otar a Baftismar Anano

Da faɗa muka buɗe ranar, ni da Otar, tun baƙi ba su gama shiga mota ba. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a wurin direbobin da ke lodi a bakin dandalin birni. Ni ce mai yi wa baƙi jagora, ina kujerar gaba da abin magana a hannu, shi kuma yana tuƙi, kuma tun da kamfani ya haɗa mu mota ɗaya ba mu taɓa barin Tbilisi salin-alin ba. In ban ce ya makara ba, shi zai ce surutuna na sa masa ciwon kai. Da fara'a a fuska muke yaɓa wa juna magana cikin harshenmu, baƙi na kallo suna zaton hirar arziki muke yi.

Amma ranar babu fara'a a fuskata.

"Ka amsa masa?" na ce, ko gaisuwa babu.

Yana goge gilashin gaba da tsumma, bai juyo ba. "Ina kwana, Shorena. Ni ma lafiya lau na tashi, na gode da kika tambaya."

"Otar, Gocha ya roƙe ka, ka ce masa to?"

"Na ce masa to."

Gocha yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi da matarsa Lali sun yi shekara da shekaru suna neman haihuwa, babu cocin da Lali ba ta kunna kyandir a ciki ba, har Allah ya ba su Anano. Sai ga shi yarinyar ta zo da rami a zuciya. Likitoci suka ce za a yi mata aiki a farkon mako, Lali kuwa ta kafe a kan babu mai sa wa 'yarta wuƙa ba a yi mata baftisma ba. Shi ya sa aka tsayar da abin a gurguje, da yammacin wannan Asabar ɗin, a ƙaramin cocin unguwarmu a Mtskheta.

Ni ce uwar baftisma, an ba ni wannan tun cikin bai fito ba. Uban baftisma kuwa ƙanin Lali ne ya kamata, to yana can yana aiki a Italiya, ba zai iso ba. Sai Gocha ya nufi amininsa Otar.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi, har yaron goye. Mace da namijin da suka tsaya wa jariri ɗaya, da zarar man tsarki ya taɓa goshinsa a hannunsu, sun zama 'yan'uwa. Tsofaffinmu ma cewa suke wannan zumuncin ya fi na jini nauyi. Babu aure tsakaninsu, babu tsakanin 'ya'yansu.

Ni kuma ina son Otar. Ban taɓa faɗa masa ba, shi ma bai taɓa ce min komai ba. Amma mutumin da ke ajiye ɗankwalina a aljihun mota don ya san mantuwata, wanda ke gutsuro min gefen burodi mai ƙauri don ya san shi nake so, wanda ranar da babanmu ya rasu ya ɗauki makara a kafaɗa har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba... ai na ɗauka jira kawai muke yi. Da na ji ya amsa wa Gocha, sai na ji kamar amsa ce ya ba ni a kan tambayar da ban yi ba.

"Ka kyauta," na ce. "Allah ya ba ka lada."

Na kunna abin magana, na yi wa baƙi maraba da Turanci da muryar nan tawa mai zaƙi da nake ajiyewa don aiki.

Tsofaffi ne yawancinsu, 'yan Poland, sai wasu ma'aurata Indiyawa da ba sa rabuwa da sandar ɗaukar hoto. Muka hau tudu zuwa tsohon cocin Jvari. A hanya muka wuce bishiyar nan da mutane ke ɗaura wa tsummokara don buri, ta yi jingim kamar mai shanyar wanki. Kullum nan Otar ke rage gudu ya ce in sauka in ɗaura nawa ko Allah zai kawo wanda zai iya da bakina. Ranar bai rage gudu ba. Shirunsa ya fi tsokanarsa yi min ciwo.

A saman tudun na yi abin da na saba. Na raba wa mata ɗankwali a bakin ƙofa, na hana wani dattijo shiga da gajeren wando sai da ya ɗaura zane, na nuna musu inda ake kafa kyandir. Sannan na kai su bakin katanga, inda ake hango koguna biyu suna haɗuwa a ƙasa, ɗaya kore shar, ɗaya ruwan ƙasa. Akwai 'yar maganar da nake yi a nan, cewa sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa kafin su yarda su gauraya. Na faɗe ta sau babu adadi, kullum sai mata sun dafe ƙirji. Yau na kai rabi na kasa ƙarasa ta, sai na ce su ɗauki hoto kawai.

Can ƙasa, bayan babban coci, ina iya hango rufin unguwarmu. Na san a lokacin Deda, mahaifiyarmu, tana can tana murza kullu tana ba maƙwabta umarni kamar shugaban sojoji.

Wata tsohuwa cikin baƙin, mai farin gashi da jan baki, ta kama hannuna. Ta nuna Otar da ke jingine da mota yana cin soyayyun 'ya'yan furen sunflawa, ta tambaye ni shekara nawa da aurenmu. Wai ta gane ne daga yadda ba ma kallon juna, haka ita da marigayin mijinta suke yi in sun yi faɗa. Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, na ce mata direba ne kawai.

Da muka koma mota ya tambaye ni me tsohuwar ta ce, don ya ga tana nuna shi. Turancinsa bai wuce na gaisuwa da neman canji ba. Na ce masa cewa ta yi tuƙinsa na tayar mata da zuciya.

Muka kama hanyar Gori. Ba a yi nisa ba muka zo daidai gidajen nan na 'yan gudun hijira, layi-layi, duk iri ɗaya da jan rufi. A ɗaya daga cikinsu Otar ya ƙarasa girma. Ƙauyensu yana can bayan waya mai ƙaya tun yaƙi, babansa bai fito da rai ba, mahaifiyarsa kuma ta rasu a ɗakin nan na gwamnati tana lissafin bishiyoyin tuffa da ta bari. Ba ni da al'adar yin bayani a wannan wurin, baƙi ma sukan ɗauka wata sabuwar unguwa ce. Na saci kallonsa. Idonsa na kan titi, hannunsa ya ƙanƙame sitiyari kamar yadda yake yi duk muka zo nan.

Haushina ya ɗan sauka, ban so ba.

Mun tsaya cin abinci a wani gida a bakin hanya, aka jera wake a tukwanen ƙasa da burodin masara da cuku. Ina cikin koya wa Indiyawan yadda ake marmasa burodin a cikin wake wayata ta yi ƙara. Deda ce. Na fita bayan gidan, wajen kurangar inabi.

Ba ta bari na gama gaisuwa ba. Ta ce kar mu kuskura mu makara, Mamao limamin coci ba ya son jira. Ta ce in taho da baƙin gaba ɗaya, abincin da ta dafa zai ci rabin gari, kuma abin kunya ne baƙo ya wuce ƙofarmu ranar farin ciki. Ta ce in duba ko rigar Otar a goge take, in ba haka ba ta ajiye masa ta babanmu. Na ce mata ai Gocha ya iya zaɓe.

"Wane Gocha?" ta ce. "Gocha ya taɓa tunanin kansa? Ni na ce masa ya je wurin Otar."

"Ke, Deda?"

"Ni mana. Yaron nan ba shi da kowa, Shorena. Na daɗe ina so ya zama ɗan gida. Da can har na yi masa sha'awarki, in gaya miki gaskiya, har babanku na yi wa maganar kafin ya rasu. To na zuba ido na ga ku ko gaisuwa ba kwa gamawa sai kun yi kamar zakaru. Na ce to, tunda wannan ƙofar ba ta buɗuwa, bari in shigo da shi ta ɗayar."

Ta ci gaba da magana a kan gyaɗar miya da ba ta isa ba. Ban ji sauran ba. Na tsaya riƙe da waya, ina kallon kajin gidan suna tono a gindin inabi. Ashe duk tsawon lokacin nan babu wanda ya tare mana hanya. Mu ne muka yi ta wasan faɗa har uwata, wadda ba a ɓoye mata komai, ta yarda da gaske ne.

Da na koma ciki, gefen burodi mai ƙauri na ajiye a bakin farantina. Ban iya ci ba.

A Uplistsikhe, tsohon garin nan na cikin dutse, iska ba ta hutawa. Na zaga da baƙi cikin ɗakunan da aka fafe a dutse, na nuna musu ramukan ajiyar ruwan inabi, na faɗi abin da ya kamata in faɗa ba tare da na ji kaina ba. Da na sallame su su yi hotuna, sai na hau can sama kusa da ƙaramin cocin bulo na zauna a kan dutse. Otar ba ya hawowa nan, cewa yake ya ga duwatsun da suka ishe shi a rayuwa. Sai ga shi ya hawo yana haki, ya zauna nesa kaɗan da ni.

Na gaya masa abin da Deda ta ce, ban rage ko kalma ba. Na so in ga fuskarsa.

Wani ƙadangare ya fito ya leƙa mu ya koma.

"Da ta sani..." ya ce.

"Da ta san me?"

"Kin sani, Shorena."

"Ban sani ba. Ni ba boka ba ce. Ka buɗe baki ka faɗa, ko sau ɗaya a rayuwarka."

"Ina son ki," ya ce, yana kallon kogi a ƙasa. "Tun ranar da kika shigo motar da nake ja kika ce tana warin tsohuwar safa. Na ce sai na samu ɗakin da ba na gwamnati ba, sai na samu motar kaina. Me zan kai gidanku, jan rufi?"

"Wawa," na ce, hawaye na zubo min. "Wawan banza. Wa ya tambaye ka rufi?"

Ya yi 'yar dariya, shi ma idonsa ya kaɗa. Na yi shekaru ina jiran kalmomin nan, na sha raya yadda za su zo, da furanni, da kiɗa, ko a bakin teku. Suka zo min a kan dutse, iska na cika min baki da gashi, kuma a ranar da ba su da amfani. Duk da haka daɗinsu ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Na tambaye shi, to don me ya amsa wa Gocha? Ya ce Gocha ya zo masa ne da kuka, ƙato kamar Gocha, ya riƙe masa hannu ya ce ba shi da ɗan'uwa namiji sai shi. Ya ce tun da suka baro ƙauye babu wanda ya taɓa kiran sa ya tsaya a matsayin dangi, ko a biki ko a makoki, kullum shi ne mai kawo mutane da mota ya jira a waje. Bakinsa ya riga tunaninsa. Sai da Gocha ya tafi ya gane abin da ya sayar.

"Zan janye," ya ce. "Muna isa zan ja shi gefe. Ya zage ni, ya mare ni, zan ɗauka. Maza sun cika Mtskheta, a samu wani."

"In kuma ya ƙi fahimta?"

"Sai ki aure ni ba da yardar yayanki ba, mu ci gaba da faɗa a gida maimakon a mota."

Hanyar dawowa ban san yadda ta wuce ba. Na yi wa baƙi waƙa, ni da ban taɓa yi ba. Na sanar da su an gayyace su baftisma da walima, suka yi ta tafi. Otar ya ce muryata kamar ana jan tebur, na ce tuƙinsa kamar na mai kai dankali kasuwa, muka ƙyalƙyale da dariya har tsohuwar nan mai jan baki ta ɗaga min gira. A zuciyata har na gama zaɓen labulen ɗakin da ba mu da shi.

A babban cocin Mtskheta na gaggauta su, Allah ya yafe min, ko rabin bayani ban yi ba. Na saya wa Anano kyandir, na saya mana ɗaya ni da shi, na kafa su gefe da gefe.

Rana ta yi sanyi muka isa unguwarmu. Dangi sun cika harabar ƙaramin cocin, Deda na tsakiya da baƙar rigarta ta fita kunya. Otar ya kashe mota, ya goge tafin hannunsa a wando, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya sauka ya nufi inda Gocha yake.

Lali ce ta riga shi. Ta taho da sauri da jaririyar a ƙirji, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, idanunta sun faɗa. Ta tsaya tsakaninmu tana dubana tana duban Otar kamar mai ƙirga kaya.

"Kun zo," ta ce. "Ku biyun kun zo... Na gode wa Allah."

Na ce mata ina za mu je da ba za mu zo ba? Sai ta matso, ta rage murya don kar Deda ta ji. Ta ce kwana biyu ba ta runtsa ba. Tun da ƙaninta ya ce ba zai samu zuwa ba zuciyarta ke raya mata abubuwa, don kakarta ta sha faɗa cewa yaron da aka juya wa baya a ƙofar coci ba ya zama. Ɗaya ya riga ya fasa. Ta yi wa kanta alkawari tun safe, in waɗannan biyun suka tsaya mata ba wanda ya ja da baya, to alama ce Anano za ta fito daga ɗakin aikin nan da rai.

"Ki ce min camfi ne, Shorena, ke da kika yi karatu," ta ce. "Na san camfi ne. Amma shi kaɗai nake riƙe da shi."

Ta miƙo min yarinyar. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ɗaurin auduga. Tafin hannuna ya sauka a ƙirjinta, na ji 'yar zuciyar nan tana bugawa da sauri-sauri, tana tuntuɓe tana tashi. Anano ta buɗe ido ta dube ni da fuskar babanmu sak.

Otar na tsaye, ya ji komai. Gocha na tahowa daga can da hannuwa a buɗe, yana kiran sa ɗan'uwa tun daga nesa. Otar ya sunkuyo kamar mai leƙa jaririyar, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Kalma ɗaya, Shorena. Ki ce in fasa, in fasa."

Na so in ce. Allah ya sani na so in ce, har kalmar ta hau harshena. Na dubi Lali, na hango ta jibi a zaune a barandar asibiti, ƙofa a rufe, ba ta da abin riƙewa. In komai ya tafi daidai za ta yafe mana wata rana. In bai tafi ba, da wane ido zan dube ta, da wane ido zan dubi mijin da na samu ta wannan hanyar?

"Gyara wuyan rigarka," na ce masa. "Mamao na jira."

Ya dube ni, kallon da bai taɓa yi min ba a gaban mutane. Sannan ya gyara wuyan rigar.

A ciki ƙamshin turare da kakin zuma ya cika ko'ina. Baƙina suka jeru a jikin bango, matan da ɗankwalayen kamfani a kai. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ni da shi, da kyandir a hannu, a daidai inda ango da amarya ke tsayawa. Mamao ya yi tambayoyinsa, muka amsa a madadin Anano da murya ɗaya. Aka tsoma ta a ruwa ta tsala kuka mai ƙarfi, ƙarfin da ba mu san tana da shi ba, Lali ta durƙushe tana dariya tana kuka. Otar ya karɓe ta a farin tawul, ni na tallafi kanta, yatsunmu suka haɗu a ƙarƙashin wuyanta. Mamao ya tsoma ɗan tsinkensa a man tsarki, ya zana gicciye a goshinta.

Shi ke nan. Abin bai ɗauki tsawon numfashi biyu ba.

Da aka gama Deda ta rungume Otar tana kiran sa ɗana, ɗana, shi kuma ya sunkuyar da kai a kafaɗarta kamar ƙaramin yaro. Mamao ya rufe littafinsa, ya dube mu da murmushi.

"To, kun zama 'yan'uwa har gaban Allah. Ku gaisa mana."

Otar ya matso. Yana warin turare da man mota. Ya sumbace ni a kumatun dama, ya sumbace ni a na hagu, a hankali, kamar yadda ake yi wa ƙanwa. Sumbarmu ta farko ke nan, a gaban uwata da yayana da baƙi cike da mota, kowa na tafi.

Kuka ya ƙwace min, irin mai girgiza kafaɗa. Lali ta taso ta rungume ni tana shafa bayana, tana cewa in daina, Anano za ta warke, yanzu ta tabbata za ta warke. Na ƙanƙame ta, na ce mata eh, za ta warke.